Jagora Kan Yadda Launin Leya Yake Shafar Siffofi a Manhajar Visio

Tambayar da masu karatu suka fi maimaitawa game da zane a manhajar Microsoft Visio tana zuwa ne ta fuska biyu. Wasu suna cewa sun canza launin wata siffa, sun zaɓi ja ko shuɗi, amma siffar ta ƙi sauyawa ko kaɗan. Wasu kuma suna cewa sun sanya wa leya (wato Layer, rukuni mai suna da ake tara siffofi a kansa) launi, siffofin da ke kanta duk sun karɓa, sai guda biyu ko uku suka tsaya a kan launinsu na da. Duka biyun daga yadda launin leya yake aiki suke tasowa. A Visio, launin leya ba ya shiga jikin siffa, yana rufe ta ne kawai kamar mayafin da aka yafa a kan tufa: abin da ke ƙasa yana nan yadda yake, kuma da zarar an yaye, zai bayyana. Matakan da ke tafe an gina su ne a kan misalin taswirar ofis mai ɗauke da bangaye, wayoyin lantarki, wayoyin intanet da kujeru, domin a irin wannan zane ne amfanin leya ya fi fitowa.

Kayan aiki da kuɗin da za a kashe

Ana buƙatar kwamfuta mai Windows da Visio irin wadda ake girkawa a kan kwamfutar, domin da ita aka tsara wannan bayani. Ana samun ta ta hanya biyu: ko a saye ta gaba ɗaya a matsayin Visio Standard ko Visio Professional, ko a riƙa biyan kuɗin wata-wata na Visio Plan 2, wanda Microsoft ya daɗe yana sa wa dala 15 ga kowane mutum a wata. Visio Plan 1, mai dala 5, ta burauza kaɗai ake amfani da shi, don haka kada a saye shi da nufin bin waɗannan matakai. Sunayen maɓallan da za a ambata sun dace da fitowar 2013 zuwa yau, wato waɗanda suke adana fayil da ƙarshen .vsdx.

Kafin a taɓa komai, a adana kwafin fayil ɗin da wani suna daban. Sanya launi ba ya lalata zane, amma akwai maɓalli guda a cikin akwatin da za a yi aikin wanda yake share siffofi, kuma za a zo kansa a mataki na 8.

Mataki na 1: A duba leyoyin da ke shafin

A sashen Home, can gefen dama a rukunin Editing, a danna Layers, sannan Layer Properties. Akwatin da zai buɗe yana jera sunayen leyoyi, kuma a gaban kowane suna akwai gurabe: Visible na nunawa ko ɓoyewa, Print na bugawa, Active, Lock na kullewa, Snap, Glue, sai Color a ƙarshe, wanda shi ne abin da ya dame mu. Akwai kuma gurbi mai alamar # wanda idan aka danna kansa zai nuna yawan siffofin da ke kowace leya.

Mutane da yawa sukan yi mamakin ganin leyoyin da ba su suka ƙirƙira ba. Visio ne yake kawo su da kansa, domin siffofi da dama na cikin ma'ajiyarsa sun zo da leyarsu tun asali. Da zarar an ja layin haɗi tsakanin siffofi biyu, leya mai suna Connector za ta bayyana. Siffofin zanen tsarin aiki kuma sukan faɗa leya mai suna Flowchart. Haka ma bango, ƙofa, taga da kujera na taswirar gini, kowanne yana zuwa da tasa. A rubuta waɗannan sunaye a takarda, tare da yawan siffofin kowacce, domin wannan lissafi zai taimaka wajen gano siffar da ta kauce daga baya.

Gargaɗi: leyoyin Visio na shafi ne, ba na fayil gaba ɗaya ba. Launin da aka sanya wa leyar Lantarki a shafi na farko ba zai taɓa leyar Lantarki ta shafi na biyu ba, ko da sunansu ɗaya ne, kuma sabon shafi ba ya gadar leyoyin wanda ya gabace shi. Shafin bango, wato wanda ake sakawa a bayan sauran shafuka don tambari ko kan takarda, shi ma leyoyinsa daban suke, sai an buɗe shi kansa kafin a iya canza su.

Mataki na 2: A ƙirƙiri leyoyin da ake so

A cikin akwatin dai, a danna New, a rubuta suna, a danna OK. Ga misalinmu, leyoyi uku sun isa: Lantarki, Intanet da Kujeru, tunda bangaye sun riga sun zo da tasu. A ba su sunaye gajeru waɗanda wani ma zai fahimta idan fayil ɗin ya je hannunsa.

Mataki na 3: A sanya kowace siffa a leya guda

Wannan shi ne matakin da yake yanke hukunci a kan ko launin zai kama ko ba zai kama ba, kuma a nan ne ya kamata a ɓata lokaci. A zaɓi siffofin da ake so, alal misali duk soket da wayoyin lantarki, ta hanyar riƙe Shift ana danna su ɗaya bayan ɗaya. Sannan a je Home, Layers, Assign to Layer. Jerin leyoyi zai fito da ƙananan akwatuna a gefensu. A sa alama a Lantarki.

Kafin a danna OK, a duba sauran akwatunan da kyau. Visio yana yarda siffa ɗaya ta zauna a leya biyu ko fiye a lokaci guda, kuma siffar da take a leya fiye da ɗaya ba ta ɗaukar launin leya, tana fitowa ne da launinta na asali. To, wayoyin da aka zana da layin haɗi sun riga suna kan Connector. Idan aka ƙara alama a Lantarki ba tare da an cire ta Connector ba, wayar ta zama 'yar leya biyu ke nan, kuma idan aka zo sanya launi, soket za su yi ja, wayoyin kuma su tsaya baƙi. Hanya mafi tsabta ita ce a fara danna None domin a share duk alamomin, sannan a sa alama guda a inda ake so.

Zaman siffa a leya biyu ba laifi ba ne a kan kansa. Akwai lokacin da yake da amfani, kamar na'urar da take buƙatar wuta da intanet duka, wadda ake so ta bayyana ko wace leya aka nuna daga cikin biyun. Sai dai mai zane ya zaɓi ɗaya: ko sauƙin nunawa da ɓoyewa, ko launin leya. A ganina, idan manufar zanen ita ce a bambanta abubuwa da launi, gara a ƙirƙiri leya ta musamman ga irin waɗannan na'urori, a ba ta nata launin, maimakon a raba su gida biyu.

Gargaɗi game da dunƙulallun siffofi: tebur da kujerunsa da aka ɗauko daga ma'ajiya sau da yawa siffofi ne da dama da aka haɗa wuri guda, kuma kowane ɓangare yana iya kasancewa da leyarsa. A ƙasan akwatin Assign to Layer akwai zaɓin Preserve group member layers. Idan yana da alama, ɓangarorin za su riƙe leyoyinsu na da, abin da kan sa a ga rabin siffa ta ɗauki launi rabi bai ɗauka ba. Idan ana so dunƙulen duka ya bi leya guda, a cire wannan alama.

Mataki na 4: A kula da leyar da take aiki

Idan za a ci gaba da zana sabbin abubuwa, ba sai an riƙa komawa Assign to Layer kowane lokaci ba. A Layer Properties, a sa alama a gurbin Active na leyar da ake aiki a kanta, kuma duk sabuwar siffar da ba ta zo da leyarta ba za ta faɗa can kai tsaye. Siffar da ta zo da tata leyar, kamar ƙofa ko layin haɗi, za ta tafi gidanta na asali ne, ba ta bin wannan zaɓi.

Gargaɗi: ana iya sa alamar Active a leya biyu a lokaci guda, kuma idan haka ta faru, kowace sabuwar siffa za ta shiga duka biyun, ta rasa launin leya tun daga haihuwarta. Duk lokacin da aka koma wata leya, a cire alamar ta baya tukuna. Idan an gama zane, a cire alamar Active gaba ɗaya, domin wanda zai buɗe fayil ɗin bayan wata guda ba zai tuna da ita ba.

Mataki na 5: A sanya launin

A buɗe Layer Properties, a danna sunan Lantarki, a sa alama a gurbin Color da ke layinta. Jerin Layer color da ke ƙasan akwatin zai buɗe, sai a zaɓi launi, a danna Apply domin a ga sakamakon ba tare da an rufe akwatin ba. A maimaita ga sauran leyoyin.

Abin da za a gani shi ne layukan gefen siffofin da rubutun da ke cikinsu sun koma launin leyar, launin cikinsu na asali kuma ya gushe daga gani. Idan a da soket ɗin an yi musu ciki rawaya, makunnai kuma kore domin a bambanta su, yanzu wannan bambanci ya ɓace, duk sun zama iri ɗaya a ido. Kaurin layi, salon layi mai ɗigo-ɗigo ko mai yanka-yanka, girman rubutu da kan kibiya ba sa canzawa, domin leya launi kaɗai take iko da shi. Wannan yana da amfani: abin da ake so ya ci gaba da bambanta a cikin leya guda, a bambanta shi da kaurin layi ko salonsa, ba da launi ba.

A gefen jerin launin akwai ma'aunin Transparency, daga 0 zuwa 100 cikin ɗari, wanda yake sa leyar ta zama shara-shara har a riƙa hango abin da ke bayanta. A taswirar ofis, dabarar da ta fi kyau ita ce a ba bangaye da kujeru launin toka mai haske, a bar wayoyin lantarki da na intanet da launuka masu ƙarfi, ta yadda idon ma'aikacin da zai ja waya zai faɗa kan aikinsa kai tsaye. Kada a kai ma'aunin 100, domin siffofin za su ɓace daga gani alhali suna nan, kuma ana iya jan su ko share su bisa kuskure. Idan ɓoyewa ake so, gurbin Visible ne ya dace.

Gargaɗi: muddin alamar Color tana nan, duk canjin da aka yi wa siffa ta hanyar Fill, Line ko launin rubutu ba zai bayyana ba, haka ma sauya jigon launuka a sashen Design. Amma Visio yana karɓar canjin yana ajiyewa. Wanda ya yi ta gwada launuka daban-daban yana zaton manhajar ce ta ƙi aiki, ranar da aka cire alamar zai tarar da siffarsa da launin ƙarshe da ya gwada. Don haka idan siffa ta ƙi canza launi, a dakata, a duba leyarta kafin a sake gwadawa.

Mataki na 6: A binciki siffar da ta ƙi bin launin

Idan bayan Apply wasu siffofi sun ƙi sauyawa, a zaɓi ɗaya daga cikinsu, a buɗe Assign to Layer. Abu uku ne ake iya tararwa. Ko dai babu alama ko ɗaya, wato siffar ba ta kan kowace leya. Ko akwai alama biyu. Ko kuma alamar tana kan wata leya mai suna makamancin wanda ake nufi, irin wadda takan shigo idan aka kwafo siffa daga wani fayil. Siffar da aka kwafo takan zo da leyarta: idan shafin da ta sauka yana da leya mai wannan suna, sai ta shiga cikinta ta bi launinta, idan kuma babu, sai sabuwar leya ta ƙaru a jerin.

Domin a ga duk mazauna leya a lokaci guda, a je Home, Select, Select by Type, a zaɓi Layer, a sa alama a sunan da ake so. Visio zai zaɓo su duka, kuma duk wayar da aka bari a baya za ta fito fili. A cikin jerin akwai kuma zaɓin siffofin da ba su da leya, wanda ya fi komai saurin tono ɓatattu. Idan siffa ta ƙi zaɓuwa ma gaba ɗaya, leyarta a kulle take, sai a cire alamar Lock. Leyar da take kulle ba ta karɓar sabbin siffofi, kuma ba a iya kulle leyar da take Active.

Ga masu son tabbaci daga tushe, a kunna sashen Developer ta File, Options, Customize Ribbon, sannan a buɗe ShapeSheet, wato teburin da yake jera bayanan siffa ko na shafi. A na siffa, gurbin LayerMember yana nuna lambobin leyoyinta, ana farawa daga 0; idan aka ga wani abu kamar 0;2, siffar tana leya biyu. A na shafi kuma, a sashen Layers, lamba 255 a gurbin Color tana nufin leyar ba ta da launi. Wanda bai saba da wannan wuri ba ya duba kawai, kada ya canza komai.

Wani abu da ake ɗora wa launi laifinsa alhali ba nasa ba ne shi ne siffa ta ɓuya a bayan wata. A Visio, tsarin leyoyi a jerin ba shi ne yake nuna wace siffa ce a sama ba. Idan tebur ya rufe wayar da ta bi ta ƙarƙashinsa, maganin yana Bring to Front da Send to Back, ba a Layer Properties ba.

Mataki na 7: A gwada bugawa kafin a kai shago

Launin leya ba a allon kwamfuta kaɗai yake tsayawa ba, yana bin zanen zuwa takarda da fayil ɗin PDF. A danna Ctrl da P a duba hoton abin da zai fito. Gurbin Print da gurbin Visible ba su dogara da juna ba: leya tana iya kasancewa a bayyane a allo amma ba ta fita a takarda, ko a ɓoye ta a allo amma ta fito idan aka buga. Don haka idan ana so a ba mai aikin lantarki takardar da babu wayoyin intanet a ciki, ɓoye leyar kaɗai bai wadatar ba, sai an cire alamar Print ɗinta.

Gargaɗi: buga takarda mai launi ya fi baƙi da fari tsada sosai, musamman a manyan takardu irin A3, kuma sau da yawa zanen da aka buga da launi hotonsa ake ɗauka a injin kwafi a raba wa ma'aikata. A baƙi da fari, ja da kore masu ƙarfi ɗaya sukan koma toka iri guda, rawaya kuma kusan ɓacewa take yi a kan farar takarda. Akwai kuma mutane, akasari maza, da idonsu ba ya bambanta ja da kore da kyau. Maganin duka biyun shi ne abin da aka faɗa a mataki na 5: wayar lantarki ta zama layi mai kauri, ta intanet mai yanka-yanka, launin ya zama ƙari ne kawai. A buga gwaji guda a A4 baƙi da fari kafin a biya kuɗin babbar takarda.

Mataki na 8: Cire launin, ko mayar da shi na dindindin

Domin a dawo da launukan asali, a cire alamar Color daga leyar, a danna OK. Komai zai koma yadda yake.

Babban gargaɗi: kada a danna Remove da nufin cire launi. Wannan maɓalli leyar yake sharewa, tare da siffofin da suke kanta ita kaɗai. Idan hakan ta faru, a danna Ctrl da Z nan take. Idan da gaske ana so a rabu da leya amma a riƙe siffofinta, a fara mayar da su wata leyar, a tabbatar gurbin # ya nuna 0, sannan a share. Zaɓin Remove unreferenced layers da ke ƙasan akwatin yana kwashe leyoyin da babu kowa a kansu, kuma ba ya taɓa siffa.

Idan kuma ana so launin ya zama na siffofin kansu, misali domin za a kwafe su zuwa wani zane ko za a ba wanda yake amfani da wata manhaja, to sai a cire alamar Color tukuna domin a ga gaskiyar abin da ake yi, a zaɓo mazauna leyar da Select by Type, sannan a canza Line, Fill da launin rubutu da hannu. Wannan canji ya shiga jikin siffar, kuma babu alamar da za a cire a dawo da na da, shi ya sa kwafin da aka adana a farko yake da muhimmanci.

Ga waɗanda suka saba da wata manhaja

Wanda ya fito daga AutoCAD shi ne ya fi shan wahala a nan, domin ƙa'idar can akasin ta Visio ce. A AutoCAD, abin da aka zana yana bin launin leyarsa ne idan launinsa yana kan ByLayer, amma da zarar an ba shi launi nasa na kansa, nasa ne yake rinjaye. A Visio kuwa launin leya ne yake rinjaye a kan na siffa, komai launin da aka ba ta. Haka kuma a AutoCAD abu ɗaya leya ɗaya yake zama, don haka matsalar alama biyu ba ta tasowa.

Manhajojin kyauta guda biyu da ake yawan komawa gare su ba su da irin wannan tsari. A draw.io leyoyi suna hawa kan juna ne da gaske, wadda take sama tana rufe ta ƙasa, ana kuma iya ɓoye su ko kulle su. A LibreOffice Draw ana iya ɓoye leya, hana ta bugawa ko kulle ta. A duka biyun, mai son wayoyin lantarki su zama ja sai ya zaɓe su ya canza launinsu da kansa. Saboda haka idan za a aika fayil ɗin .vsdx ga wanda zai buɗe shi da ɗaya daga cikinsu, kada a dogara da launin leya: ko dai a mayar da launin na dindindin kamar yadda aka nuna a mataki na 8, ko a haɗa masa da kwafin PDF wanda aka riga aka duba a mataki na 7.